Mai Kado Yana Can

Surukata ba ta taɓa wuce Bena ba a rayuwarta. Can take zuwa sayen kaba tun tana da ƙarfin ƙafa, ta ɗaure damin, ta hau mota ta dawo Zuru kafin rana ta faɗi. Da ƙafa ta gaza, ni na gaji zuwan. Da ido ya fara gazawa kuwa, babu mai iya ara mata nasa, sai ta koma saƙa da yatsu kawai. Takan zauna a gindin mangwaron tsakar gidanmu, basilla a hannun dama, faifan da ta fara a kan cinya, fuskarta tana kallon dutsen bayan unguwa kamar mai jiran wani ya sauko. In za ta canza launi sai ta ɗaga silin kaba sama ta ce, "Wanga ja ne ko baƙi?" Wanda ke kusa ya amsa. In babu kowa, ta sa wanda hannunta ya kama.

Shi ya sa faya-fayanta na ƙarshen nan suka fita daban. Saƙar tana nan yadda take tun da, matsattsiya, ko gari aka tankaɗe a kai ba ya zuba. Zanen ne ya rikice. Sai ya taso kamar tauraro, ya kai rabi, ya manta inda za shi. Mutanen unguwa suna saye, ba sa ma tayawa. Abin da ta faɗa shi suke miƙawa, su yi godiya da murya mai taushi irin ta gaida mara lafiya. Ita kuwa tana jin muryar nan sarai. In sun fita takan ce, "Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

A ƙarshen wata damina wata mata ta zo wurin ƙungiyarmu ta masu saƙa, mu dai Madam muke ce mata. Ta ce ana son mace ɗaya daga cikinmu ta je Yamai, a ƙasar Nijar, ta zauna 'yan makonni da masu aikin fata na can, a haɗa hannu a yi kaya tare, daga baya a baje su a kasuwa, har da kayan da ta zo da su daga gida. Matan suka dubi juna, suka dube ni. Wai 'ya'yana sun tasa, wai ba ni da faɗa, wai kuma na yi ajin yaƙi da jahilci, ba zan hau motar da ba tawa ba. Maigidana tsohon soja ne, ya ga ƙasashe a zamaninsa. Da na gaya masa sai ya ce, "Ni na fita waje da bindiga, ke za ki fita da faifai. Naki ya fi daɗin ɗauka. Je ki."

Ana gobe tafiya Inna ta kira ni ɗakinta, haka nake kiran surukar tawa. Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ta ɗora hannuna a kai.

"Waɗanga nawa ne. Ki tafi da su."

"To, Inna."

"Saurara, ban gama ba. Kar ki maido min ko ɗaya. Kar ki ba da su sadaka, kar ki jefa a gulbi ki zo ki ce min an saye. Saida su za ki yi, ga mutanen da ba su san ni ba. Kuma kar ki ce musu tsohuwa ce, kar ki ce ba ta gani. Ina so in san ko hannuna yana nan, ko tausayi ne kawai ya rage."

Na ce na ji. Ban yi barcin kirki ba, don na san ba a yi wa Inna ƙarya. Ta san kowane faifai nata da taɓawa, ta san muryata fiye da yadda na san ta.

Hanyar tana da tsawo. Muka bi ta Birnin Kebbi, muka kai Kamba, muka ƙetare zuwa Gaya. Abin da na fi lura da shi duwatsu ne. Tun da aka haife ni, duk inda na juya akwai dutse a bayana, kamar babban mutum yana tsaye. Yanzu sai na ga suna raguwa, suna durƙusawa, har suka kwanta gaba ɗaya, sama ta sauko ta taɓa ƙasa ta kowane gefe. Na riƙa gyangyaɗi ina farkawa, gero a gonaki yana wucewa, jakuna, wata mata a kan amalanke da jar laima, sai na kasa rabe abin da na gani da abin da na yi mafarki. Bayan iyaka na fara karanta allunan bakin hanya, yadda na saba tun da na iya karatu. Haruffan duk na san su, malaminmu ya koya mana su ɗaya bayan ɗaya, amma a nan sun haɗa kai sun ƙi gaishe ni. Na haɗa su a bakina, ba su zama magana ba.

A Yamai aka sauke ni a wani gida mai faɗin tsakar gida da itacen dogon yaro a tsakiya. A nan ake aikin. Aka haɗa ni da wata Buzuwa daga wajen Agadas, doguwa, siririya, baban mayafinta ya rina mata wuya da gefen kumatu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi buhunana, ta ce, "'Yar Najeriya, ƙaura kinka yi?" Daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba, ni kuma ina ce mata 'yar'uwa.

Hausarmu duka biyu ta aro ce. Ni C'lela ke ƙasan harshena, yaren da aka goya ni da shi, ita kuma Buzanci. In kalma ta ɓace mana sai kowa ta faɗa da nata, mu yi dariya, mu nuna da hannu. Ni ina saƙa lefe da adudu, ita tana naɗe musu baki da jar fata, tana ɗinka musu hannu. Tana yanka fatar da wata 'yar wuƙa a kan katako, siri-siri kamar taliya, ba ta ko kallo. Kabata kuwa ta ƙi iskar garin. A gida in na jiƙa ta da safe takan kai ni azahar da laushinta, a nan kafin in zagaye faifai sau biyu ta fara ƙara tana tsagewa. Sai na koyi naɗe ta cikin jiƙaƙƙen zane kamar jariri. 'Yar'uwa ta ce, "Kabarki 'yar gata ce, kamar uwar ɗakinta."

Ban san yadda kwanakin nan suka wuce ba. Shayi yana tafasa a kan ɗan gawayi, a zuba a ƙananan kofunan gilashi, a mayar, a sake zubawa daga sama. Inuwar dogon yaro tana zagaye mu, mu kuma muna jan tabarma muna bin ta. Ƙamshin jima da na jiƙaƙƙiyar kaba suka haɗu suka zama wani ƙamshi na uku wanda ban taɓa ji ba, ban kuma sake ji ba. In ta tashi yin sallar la'asar ni ke gadin shayin kada ya ƙone. Ranar Lahadi ita ta raka ni har ƙofar coci, ta nuna min hanyar dawowa. Wani yammaci muka je bakin kogi, na ga raƙumi yana ƙetare gada tsakanin motoci, ɗauke da tabarmi, yana tafiya a hankali kamar shi ya gina gadar. Ruwan ya yi ja saboda damina, faɗinsa ya fi ƙarfin idona. Na tsaya ina tunanin ashe kabar Bena za ta zo ta ga wannan.

Da lokacin kasuwa ya zo aka kai mu wani fili kusa da kogin, an kafa rumfuna a jere. Kayan da muka yi tare aka sa su a babbar rumfa ta gaba, Madam da 'yar'uwa suna wurin. Ni aka ba ni tebur a can ƙarshen layi da kayan da na zo da su daga gida. Madam ta ɗaga faya-fayan Inna, ta juya su, ta ce launinsu ya ɗan rikice, amma ba laifi, in sa su a gefe. Na jera su a gaba, inda ido zai fara sauka.

Daura da ni akwai wani mutum mai faɗin kafaɗa, yana sayar da jakunkuna da takalma da ɗamara. Da na duba da kyau sai na gane. Fatar kado ce. Mu a wajenmu kado muke cewa, mutanen rediyo su ce kada. Ga ƙusoshin bayan nan a jere a kan jakar mata, an shafa musu mai suna ƙyalli.

A garinmu ba a taɓa kado. Ni mai zuwa coci ce, kakata ba ta taɓa shiga ba, amma a wannan magana babu bambanci tsakaninmu. Ina yarinya takan riƙe hannuna mu bi ta gefen tafkin da ke ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta kai ƙasa sai a ɗige-ɗige. Kadduna sukan kwanta a bakin ruwa, baki a buɗe, ba motsi, har tsuntsu ya sauka a kansu. Takan rage murya ta gaishe su da yarenmu kamar yadda ake gaida tsofaffi masu hutawa, ta ce min, "Mutanen gida ne. Ba a jifa, ba a nunawa da yatsa, ba a ci, ba a sayarwa." Ban taɓa tambayar dalili ba. Shi ya sa na juya kujerata kaɗan don kada in wuni ina kallon rumfar mutumin.

Mai sayayya ta farko wata mata ce mai ƙiba da zoben zinariya. Ta ɗauki mafici da ƙaramin lefe, muka yi ciniki, ya faɗa. Ta buɗe jaka, sai ta tsaya ta yi murmushi ta ce, "To, ina kadona?"

Na ɗauka ban ji da kyau ba. Ta sake faɗa. Muryar kalmar ta ɗan bambanta da tamu, amma ai duk maganarsu haka take, tana hawa inda tamu ke sauka. Na ce a raina, ashe mutanen nan haka suke son fatar nan, har a wurin mai kaba suke nema. Na tattara duk ladabin da nake da shi na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni da kado. Mu a garinmu ba mu ba da shi. Tun kaka da kakanni haka muka taras, ko yaro ya sani."

Murmushin ya tafi. Ta ce, "Duk garin?"

"Duk garin, Hajiya. Amma ga mai kado can, in kina so." Na nuna mata rumfar da haɓata.

Ta biya kuɗin maficin, ta ajiye lefen, ta nufi wurin mutumin.

Haka aka yi ta yi. Ciniki ya faɗa, a ce ina kado, in ba da haƙuri, in nuna mai kado. Wasu su saya da ɗaurarriyar fuska, da yawa su ajiye su tafi. Kwana ɗaya, biyu, sai na ga mata suna zuwa kusa da teburina, ɗaya ta raɗa wa ɗaya magana, su wuce. Faya-fayan Inna ko ɗaya bai motsa ba. Kowace safiya in share musu ƙura da gefen zanena, kowane yammaci in mayar da su buhu.

Madam ta zagayo ta ga halin da nake ciki. Mace ce mai kirki, ta san labarin Inna don na gaya mata a hanya. Ta ce, "Ga baƙi nan Turawa suna yawo. Ki bari in gaya musu tsohuwa ce da ba ta gani ta saƙa su da yatsu. Kafin la'asar ba za ki ga ko ɗaya ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Na dubi buhun da babu abin da ya ragu a cikinsa, na tuna kwanakin da suka rage ba su da yawa. Na ce, "Madam, na gode. Amma mai kayan ta hana."

"Ai ba za ta sani ba."

"Za ta tambaye ni."

Ta dafa kafaɗata ta wuce.

Da rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, na jingina da sandar rumfa. Iska tana tasowa daga kogi da ƙamshin laka. Idona a rufe rabi, sai na ga faya-fayan sun tashi daga tebur ɗaya bayan ɗaya, sun sauka a kan jan ruwan nan suna juyawa, taurarinsu da suka ɓace hanya suna ta zagaye. A ƙarƙashinsu wasu dogayen inuwoyi suna tafe a hankali, suna tura su da hanci, ba su nufi gaba ba, gida suke mayar da su. Ina cewa da yarenmu, ku yi haƙuri, ku bar su su wuce, Inna ta ce kar a maido. Ba su ji ni ba, ko sun ji ba su kula ba.

"Baiwar Allah. Baiwar Allah!"

Na buɗe ido. Mai jakunkunan ne tsaye a gabana, hannu a ƙugu, gumi a goshi.

"Sannu da rana, malam."

"Yawwa, sannu. Ni dai tambaya gare ni. Mun taɓa faɗa da ke?"

"A'a."

"Akuyata ta ci miki kaba?"

"Ban ma san kana da akuya ba."

"To don mi kike turo min mutane? Tun ranar da munka buɗe, mace ta sayi mafici wurinki, ta zo ta tsaya gabana ta buɗe hannu, wai ke kinka ce ni ka ba da kado. Jiya wata har ta zaɓi takalmi ta sa a ƙafa! Da ƙyar na tuɓe mata shi."

Na ce, "Malam, ai kai ne mai kadon. Ga su nan rataye."

Ya juya ya dubi rumfarsa, ya juyo ya dube ni. Daidai nan 'yar'uwa ta iso da butar shayi, ta tarar da mu muna kallon juna. Ya mayar mata da magana. Ta ajiye butar a hankali, ta ce, "'Yar Najeriya, faɗa min daidai abin da kike ce musu."

Na faɗa mata, har da kaka da kakanni, har da ko yaro ya sani.

Ban taɓa ganin doguwar mace ta naɗe haka ba. Ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. "Wayyo cikina! Garin marowata! Duk garin! Ko yaro ya sani!" Mai jakunkuna ma ya gane, ya riƙe sandar rumfata yana dariya har rumfar tana girgiza. Ni kaɗai ce a tsaye ban san abin da ake yi wa dariya ba.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ba na ruwa ba, 'yar'uwata. Kado, ɗan abin da mai kaya ka ɗora miki bayan ciniki, don zuciyarki ta yi sanyi ki sake dawowa. Maganar Faransa ce ta shigo bakinmu."

Na ce, "Gyara!"

"To, ku gyara kuke cewa."

Na zauna. Ni da ko gyaɗa na auna a kasuwar Zuru sai na ƙara da tafin hannu har maigida yana cewa zan gyara mu mu talauce, ni ce na zo ƙasar mutane na shelanta cewa garinmu ba a san kyauta ba. Kunya ta kama ni, amma dariyar ta fi ta ƙarfi, na bi su muka yi ta yi har maƙwabta suka taru. Kafin la'asar labarin ya zagaye filin.

Sai dai a wajenmu abin awo ake yi wa gyara, ba faifai ba. Me zan ɗora wa mai sayen faifai? Da muka koma gida da yamma 'yar'uwa ta share gindin dogon yaro, ta tara guntayen kaba da na fata da muka zubar, ta ce, "Ga kadonki nan. Saƙa musu na ruwan, tunda shi kika sani."

Ban san ko kakata za ta yarda ba. Amma hannuna ya riga ya ɗauki sili, na fara ɗan abu mai tsawon yatsa, da wutsiya da ƙafafu huɗu. Da na gama na ɗora a tafin hannu. Ta kawo fuska kusa, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga ba kado ba ne. Ƙadangare ne, kuma bai da lafiya."

Gaskiyarta. Hankalina ya kwanta, don babu wanda ya taɓa hana ni ba da ƙadangare. Ta yanko 'yar jar fata ta naɗe masa kai, ya zama jan-gwada sosai, irin mai gyaɗa kai a kan katanga. Muka yi ta yin su har hasken rana ya ƙare, muka cika ƙwarya.

Washegari mutane suka zo, wasu don kaya, wasu don su ga matar da garinsu ba a kyauta. Duk wadda ta ce ina kadona, in ce na ruwa ko na tudu, in ɗora mata jan-gwada a hannu. Mai jakunkuna ya riƙa ɗaga murya daga rumfarsa, "Ku karɓa can, nan babu!"

Wajen hantsi wata Bazabarma mai sayar da dambu ta tsaya, da roba a kai da goyo a baya. Ba ta dubi lefe ba, ba ta dubi mafici ba, kai tsaye ta ɗauki faifan Inna. Ta juya shi, ta lanƙwasa, ta buga a gwiwa, ta ɗaga shi saitin rana ta leƙa ko haske zai ratsa. Sannan ta dubi zanen, ta taɓe baki.

"Wanda ya saƙa wanga ya sha wani abu ne?"

Maganar ta zo min har leɓe, in ce tsohuwa ce, ki ji tsoron Allah. Na haɗiye. Na ce, "Ki dai taya."

Ta taya da abin da ko kabar ba zai saya ba. Na ce albarka. Ta ce zanen kamar kaza ta bi ta kan rini. Na ce kazar ta iya saƙa. Ta ajiye, ta tafi, ta kai rumfa ta uku, ta dawo. Ta ce don dai saƙar ta matse ne, tururin dambunta ba zai fita ba, in ba haka ba ko kyauta ba ta so. Muka ja, muka ja, na sallama. Ta karɓi jan-gwada ta miƙa wa goyonta ta baya ba tare da ta juya ba. Ban taɓa jin daɗin rashin mutunci irin na ranar ba.

Daga nan suka fara tafiya. Wata ta saya don rufe ƙwaryar fura, wata don shanya kuɓewa, wani malamin makaranta ya ce zai rataye a bango don zanen bai yi kama da na kowa ba, shi ma sai da ya rage min kuɗi. Ranar da za a tashi kasuwa saura guda ɗaya, wanda ya fi duka rikicewa. Ina jin ranar da Inna ta saƙa shi babu kowa a gida. Babu tauraro ko rabi, launuka ne kawai suna bin juna kamar tumaki sun ɓace.

Rana ta karkata, ana kwance rumfuna. 'Yar'uwa ta zo ta ɗauke shi, ta ce, "Kawo, ni zan saya. Ina so."

Na karɓe daga hannunta. "Ke kin san labarinta. Ba ki cikin masu saye."

"Kai, 'yar Najeriya, taurin kai gare ki kamar jakin Agadas."

Ta zauna kusa da ni muka jira. An ɗauke teburin maƙwabta, an naɗe tabarmi, inuwa ta yi tsawo har ta kai bakin ruwa. Sai ga direban babbar motar da ta zo kwashe katakon rumfuna, yana riƙe da kwanon abinci a buɗe, ƙudaje suna binsa. Ya tsaya, ya ɗora faifan a kan kwanon, ya zauna daidai.

"Nawa wanga mummunan?"

Na faɗa. Ya ce kai, ya taya rabi. Ya ce shi dai abin da ya sa yake so, ko ya bar shi a tasha babu mai sata. Na ƙi, ya ƙara kaɗan, na ƙi, ya yi kamar zai tafi, yunwa ta dawo da shi. Na sallama. Na tambaye shi ina motar za ta bayan nan. Ya ce arewa, can inda hanya ke ƙarewa cikin rairayi.

Mun rabu da 'yar'uwa a tasha da sassafe. Ta ɗaura min wata 'yar jakar fata a wuya, ta ce, "Kado. Na tudu." Ba mu yi doguwar sallama ba, mota tana ƙara.

Na iso Zuru da yamma, duwatsu sun tashi tsaye sun tare ni tun daga nesa. Inna tana gindin mangwaro. Ba ta bari na sha ruwa ba, ta ce in kawo buhun. Ta zura hannu har kafaɗa, ta shafa kowane lungu, ta juye shi, ta kakkaɓe. Sannan ta juyo da kunnenta wajena.

"Kin faɗa musu?"

"Ban faɗa ba, Inna."

"Sun taya?"

"Sun taya. Har da zagi."

Ta gyara zama. "Wane irin zagi?"

Na ba ta labarin mai dambu, yadda ta buga faifan a gwiwa, yadda ta ce wanda ya saƙa ya sha wani abu, da maganar kazar da ta bi ta kan rini. Inna ta buɗe baki, haƙoranta biyu da suka rage suka fito, ta yi dariya har da tari. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Na ba ta na direba, da kwanonsa, da cewa babu mai sata.

"Ɗan banza," ta ce, tana share ido. "Nawa ya taya?"

Na faɗa mata.

"Kuma nawa kika sallama?"

Na faɗa.

Ta yi tsaki, ta buga cinyata da bayan hannu. "Kin yi sanyi, ɗiyata. Mutum da yunwa, ga ƙuda a kan abincinsa, ai shi ke neman ki. Da ni ce, da sai ya ƙara."